Yadda ake buɗe bincike ga duniya ba tare da an kwashe maka shi ba: daga ORCID har zuwa lambar DOI

Tun da na fara yi wa ɗaliban digiri na biyu da na uku faɗa a kan su daina ƙunshe bayanan bincikensu a filas kamar kuɗin adashi, tambayoyi uku ne ke ta dawo min, wani ya tare ni a bakin ofis wani ya turo saƙo da tsakar dare: malam ta ina ake farawa, nawa ake biya, sannan in na ɗora wani ya kwashe ya buga da sunansa fa? Bakina ya gaji da maimaitawa shi ya sa na zauna na jera shi yadda nake yi da hannuna.

In na ce bayanai a nan ina nufin abin da ka tattaro na bincike, amsoshin mutane ko awon da ka yi a lab ko a gona, ba datar da ake saya a waya ba, duk da ita ma za ta ci maka kuɗi. Kuma don maganar ta zauna, mu ƙaddara kana binciken ingancin ruwan rijiya ne a ƙauyuka 12, ka ɗebi ruwa ka auna, ka kuma yi wa gidaje 300 tambayoyi. Kayan aiki ba su da yawa: kwamfuta, imel ɗin da ba za ka rasa shi ba, hadis na waje ko babban filas, da intanet ko da mai rarrafe ne. Duk shafukan da zan ambata kyauta ne in ban da maganar mujalla a ƙarshe. Abin da ke kayar da mutane ba kuɗi ba ne, jerin ne, sai mutum ya gama komai ya kare kundinsa sannan ya tuna yana so ya buɗe, alhali tun a takardar neman izini ya rufe wa kansa ƙofa. Don haka ka bi su yadda suke a jere.

1. Buɗe ORCID

Wannan minti biyar ne. Ka shiga orcid.org ka yi rajista, za a ba ka lamba mai gurbi 16, an raba ta huɗu-huɗu, wani lokacin ta ƙare da harafin X, ba kuskure ba ne. Ita ce shaidarka ta mai bincike har ƙarshen rayuwa. Mu da muke da Muhammad da Mohammed da Muhammed, ga Abubakar Ibrahim guda nawa a jami'a ɗaya, mun fi kowa buƙatarta, don in ba ita ba aikinka sai ya tafi asusun wani takwaranka. Akwai gurbin da ake saka sauran salon rubuta sunanka, ka zuba duka.

Hattara: kada ka yi rajista da imel ɗin makaranta shi kaɗai, ran da ka gama ko ka canza wurin aiki aka rufe shi ka shiga uku, ka ƙara naka na kanka a matsayin na biyu. Kuma in ka manta kalmar sirri kada ka buɗe sabo, a nemo tsohon, na ga masu lamba uku kowace da rabin aikinsu. Sai ka saita sunanka da wurin aikinka da ayyukanka kowa ya iya gani, ORCID ɗin da aka kulle ba shi da amfani.

2. Ku yi maganar tun kafin a ɗebi ruwan farko

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne ba ya gyaruwa daga baya.

Na farko tsakaninku ne, kai da sufabaiza da duk wanda zai sa hannu. Ku rubuta shafi ɗaya ko biyu: waɗanne bayanai za a tara, a ina za a ajiye, wa ke da mabuɗi, yaushe za a buɗe, sunan wa zai fito a takarda kuma a wane jeri. Na san ɗalibi yana jin nauyin ya tayar wa malaminsa da maganar jerin sunaye, to hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka kawo ta a matsayin fom ɗin da ake cikewa, akwai tsarin CRediT da ya kasa aikin bincike gida 14, wa ya kawo tunanin, wa ya tara bayanai, wa ya yi lissafi, wa ya rubuta, wa ya nemo kuɗi, sai ka ce ranka ya daɗe ga yadda na cike a duba min. Shafukan DMPTool da DMPonline suna da samfurin irin wannan tsari na kula da bayanai kyauta, kuma masu ba da tallafi da yawa yanzu sai da shi, misali hukumar NIH ta Amurka ta wajabta shi tun Janairun 2023. In kuɗin binciken na wata hukuma ne ko kamfani, ka karanta yarjejeniyar ka ga ko bayanan naka ne ma tukuna.

Na biyu, kuma shi ne babba, mutanen da za ka yi wa tambayoyi. Yawancin takardun neman izini da ɗalibai ke kwafa daga na magabata suna ɗauke da jimlar nan cewa babu wanda zai ga amsoshin sai mai bincike da malaminsa, ko kuma za a lalata su bayan an gama. In ka karanta wa mutum wannan ya yarda a kan haka, shi ke nan, ba ka da ikon ɗorawa a intanet ko da ka goge sunansa, alkawari ka yi. Abin da ya kamata takardar ta ce shi ne za a cire suna da duk abin da zai sa a gane mutum, sannan a ajiye amsoshin a rumbun da sauran masu bincike za su iya amfani da su. Ka fassara wannan zuwa Hausar da dattijon da ke ƙofar gida zai gane, ka faɗa masa da baki in ba ya karanta boko, kuma ka ba shi damar ya ce ya yarda a yi hira amma bai yarda a ɗora ba. Wannan sigar ce za ka kai wa kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku ko asibitinku su amince, ba wata daban ba.

Hattara: Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, Nijar ma tana da tata, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda aka fi tsanantawa a kansu. Ba maganar kirki kaɗai ba ce, ta shari'a ce.

3. Yi wa shirinka rajista

Ba kowane bincike ne yake buƙatar wannan ba, in kana lalube ne ka ga abin da ke akwai za ka iya tsallakewa. Amma in kana da hasashen da za ka gwada, misali rijiyoyin da ke kusa da masai sun fi gurɓata, to ka rubuta hasashen da yawan samfurin da irin lissafin da za ka yi, ka yi masa rajista a shafin OSF ko na AsPredicted kafin ka fara. Za a buga masa kwanan wata a kulle, ba ya canzuwa. Amfaninsa gobe ba mai cewa sai da ka ga sakamako sannan ka ƙirƙiro hasashen. In kana tsoron a gani da wuri, OSF yana barin ka rufe shi har shekara 4.

Hattara ga 'yan likitanci: gwajin magani a kan mutane dole ne a yi masa rajista kafin a ɗauki majinyaci na farko, a PACTR ta Afirka ko ClinicalTrials.gov, manyan mujallun likitanci ba sa karɓar wanda aka yi wa rajista a makare.

4. Folda da sunan fayil

Ka buɗe folda ɗaya ta aikin, a cikinta ka yi ƙananu: ɗanyen bayanai, gyararrun bayanai, lissafi, hotuna da jadawali, rubutu. Dokar ɗanyen bayanai ɗaya ce, ba a taɓa su. Yadda suka fito daga waya ko na'urar awo haka za su zauna, duk gyaran da za ka yi a kan kwafi ne.

Sunan fayil ya fara da kwanan wata, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2024-03-15_ruwa_awo.csv, da haka kwamfuta za ta jera su da kanta. Ban da tazara a cikin suna, ban da haruffa masu ƙugiya, a cikin rubutu ƙ da ɗ da ɓ dole ne amma a sunan fayil da kan ginshiƙi sukan rikita manhajojin lissafi. Sannan dan Allah a daina na_karshe, na_karshe2, na_karshe_gaskiya.

Kwafi uku: kwamfutarka, hadis na waje da ba ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar, da ɗaya a intanet, Google Drive yana ba da 15GB kyauta. Ni da kaina wutar da aka kawo da ƙarfi ta taɓa cinye min hadis da aikin wata huɗu a ciki, abin da ya cece ni wani tsohon imel da na tura wa abokin aiki, shi ma rabi ne.

Hattara: fayil ɗin da ke ɗauke da sunaye da lambobin waya ba ya shiga foldar da kuke rabawa, shi daban yake da kalmar sirri. Kuma kada a tura shi a guruf ɗin WhatsApp, ko na mutum uku ne.

5. Tattarawa, da tarkunan Excel

In tambayoyi ne, ka bar takarda ka koma KoboToolbox. Kana tsara fom ɗin a kwamfuta, masu tattarawa su sauke KoboCollect a wayar Android, yana aiki ba sabis, in an dawo gari a tura. Za ka iya saka tambayoyin da Hausa da Turanci a fom ɗaya, kuma ka hana shi karɓar shirme, misali shekarun mutum 250. Tsarinsu na kyauta yana da iyaka a wata amma ya ishi gidaje 300 har da saura. Ka gwada fom ɗin a kan mutum goma kafin a fita, don canza tambaya ana tsakiyar aiki yana raba maka bayanai gida biyu.

Yanzu Excel. Ina amfani da shi, kowa yana amfani da shi, amma yana da karambani, yana gyara abin da ba a sa shi ba. Lambar da ta fara da sifili sai ya cire sifilin, lambar gida 007 ta koma 7. Ka rubuta 3-4 kana nufin yara uku zuwa huɗu sai ya mai da shi kwanan wata. Wannan ba mu kaɗai ya sama ba, a 2016 wani nazari da aka buga a mujallar Genome Biology ya gano kusan kashi ɗaya cikin biyar na takardun da suka haɗo jerin ƙwayoyin gado a Excel suna da wannan ɓarnar, sunaye irin SEPT2 da MARCH1 sun koma kwanan wata, har ta kai a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya canza musu suna gaba ɗaya, MARCH1 ya zama MARCHF1. Wato masana ne suka sauya don Excel ya ƙi sauyawa. Maganin shi ne ka mai da ginshiƙin ya zama na rubutu kafin ka zuba komai, kuma kada ka buɗe CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla, da danna sau biyu, ka shigo da shi ta hanyar Data ka zaɓi nau'in kowane ginshiƙi.

Sai namu na gida: amsoshin da aka rubuta da Hausa. In ka ajiye a CSV na gama-gari ƙugiyoyin sukan koma alamar tambaya ko wasu tarkace, ƙasa da kasa su zama abu ɗaya. Wajen ajiyewa ka zaɓi CSV UTF-8, sannan ka rufe ka sake buɗewa ka gani da idonka.

Layi ɗaya gida ɗaya, ginshiƙi ɗaya abu ɗaya. Ban da haɗe akwatuna, ban da launi a matsayin bayani, wai ja yana nufin rijiyar ta ƙafe, launi ba ya bin CSV. Inda ba amsa ka sa NA, kada ka sa 0, sifili awo ne.

6. Aiki tare ba tare da an tattake juna ba

Rubutu ku yi shi a wuri ɗaya, Google Docs ya isa, yana ajiye tarihin wa ya canza me. Masu lissafi da fiziks da ke rubutu da LaTeX akwai Overleaf, sai dai na kyauta mutum ɗaya kawai za ka iya gayyata ya yi gyara. Manazarta kuma Zotero, ku buɗe guruf kowa ya riƙa zubawa, amma wurin ajiyar fayil na kyauta 300MB ne kawai, in kuka riƙa jibga PDF zai cika a sati biyu, ku raba bayanan takardun kawai kowa ya riƙe PDF a kwamfutarsa.

Lissafi kuwa, in za ka iya, ka yi shi da rubutaccen umarni a R ko Python, dukkansu kyauta ne, ba da danne-danne ba. Dalili shi ne bayan wata shida in mai bita ya ce a cire rijiyoyi biyu a sake, kai layi ɗaya za ka canza. In SPSS ka iya ba laifi, amma kowane mataki ka danna Paste ya rubuta maka umarnin a fayil ka ajiye. Ka kuma rubuta sigar manhajar da ka yi amfani da ita, a R umarnin sessionInfo() zai fito maka da su duka.

Wannan rubutaccen umarnin gidansa GitHub, shafin da ake ajiye irinsa a intanet, kana iya barin ma'ajiyar a rufe kyauta har sai kun shirya.

Hattara sosai: Git, tsarin da GitHub ke ajiye tarihin fayiloli da shi, ba ya mantuwa. In ka tura fayil mai sunayen mutane sau ɗaya sannan ka goge, yana nan a tarihi, ran da ka buɗe ma'ajiyar kowa zai iya tono shi. Tun ranar farko ka sa sunan foldar ɗanyen bayanai a cikin .gitignore, fayil ɗin da ke jera abin da ba za a tura ba. Kuma GitHub ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce 100MB, dama ba don bayanai aka yi shi ba.

7. Ɓatar da sawun mutane

Goge suna da lambar waya shi ne mai sauƙin, kuma bai isa ba. Ka yi tunanin layin da ya ce ƙauye kaza, namiji, shekara 71, sana'a limanci, mata huɗu. Ba suna, amma duk ɗan ƙauyen ya san waye, kuma a layin nan akwai amsar cewa gidansa ba masai. To haka za ka bi ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka in an haɗa wannan da wancan za a gane mutum? Shekaru ka mai da su rukuni, 60 zuwa sama. Sana'ar da mutum ɗaya ne ko biyu ke yinta ka haɗe ta cikin sauransu. Sunan ƙauye ka ba shi lamba, mabuɗin lambobin ya zauna a wancan fayil mai kalmar sirri. Amsoshin da mutane suka yi doguwar magana ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, a nan ne ake ambaton mai unguwa da maƙwabci da suna.

GPS ya fi komai haɗari don yana kai mutum har ƙofar gida. Binciken DHS na yawan jama'a da lafiya da ake yi a ƙasashe da yawa har da Najeriya da Nijar ba ya sakin ainihin wurin, yana gusar da shi har kilomita 2 a birni, kilomita 5 a karkara, kaɗan daga na karkarar har kilomita 10. Kai ma ko dai ka gusar ko ka tsaya a matakin gunduma. Hotunan waya ma sukan ɗauki GPS a ɓoye a cikinsu.

In ka duba ka ga in an goge duk wannan bayanan sun tashi daga aiki, kada ka tilasta. Awon ruwan ka buɗe shi ga kowa, amsoshin gidajen ka ɗora a rufe sai wanda ya nema ka ba shi. Wannan ma buɗewa ce.

8. Rubuta README da ƙamus na ginshiƙai

Fayil ne na rubutu zalla, shafi ɗaya ko biyu, kuma shi ne bambancin bayanan da za a yi amfani da su da tarin lambobi. Wa ya tara, a ina, daga yaushe zuwa yaushe, da wace na'ura, me kowane fayil ya ƙunsa, wane gyara aka yi. Sai ƙamus: kowane ginshiƙi me yake nufi, ma'auninsa mene ne, 1 namiji ne ko mace. In an amsa da ma'aunin gida kamar jarka ko tiya ko mudu ka faɗi lita ko kilo nawa ka ɗauke shi, don mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Gwajin da nake yi shi ne in miƙa wa wanda bai san aikin ba foldar, in ce ya fito min da jadawali na farko ba tare da ya kira ni ba. Duk inda ya tsaya, nan README ɗin ya gaza.

9. Ɗorawa a Zenodo da karɓar DOI

Da farko ka duba ko fanninka yana da rumbunsa, jerin ƙwayoyin gado GenBank ake kai su, bayanan inda aka ga tsirrai da dabbobi GBIF, shafin re3data.org zai nuna maka sauran. In babu, Zenodo. Cibiyar CERN da ke Geneva ce ke riƙe da shi tun 2013, kyauta ne, kowane ɗori har 50GB.

Ka shiga da ORCID ɗinka. Danna New upload, ja fayilolin ka saka, gyararrun bayanai da README da ƙamus da fom ɗin tambayoyi. Zai tambaye ka ko kana da DOI, wato lambar dindindin da ke kai mutum ga aikinka a intanet, ka ce a'a ka danna ya ware maka ɗaya tun kafin ka wallafa, za ta fara da 10.5281, ita za ka kwafa ka saka a cikin takardarka. Zaɓi nau'in abu, sa take mai ma'ana da ya ƙunshi wuri da shekara, sa duk masu hannu kowa da ORCID ɗinsa, har da waɗanda suka sha rana suna tattarawa, akwai gurbinsu. Bayanin ka rubuta da Turanci ka ƙara taƙaitawa da Hausa a ƙasa, ba wanda ya hana.

Lasisi: CC BY 4.0 yana nufin kowa ya yi amfani amma dole ya ambace ka, shi nake ba ɗalibai shawara. CC0 sakin hannu ne gaba ɗaya. In ba ka sa lasisi ba mutanen kirki za su ji tsoron taɓawa, ɓarawo kuwa dama bai damu ba. Rubutaccen umarni shi lasisinsa daban, MIT ya wadatar.

To ga amsar masu tsoron sata. Abin da ke filas ɗinka in wani ya kwafa ba ka da shaidar kai ka riga shi. Wanda ke Zenodo yana da sunanka da kwanan wata a rumbun da ba kai ke riƙe da shi ba, editan kowace mujalla zai iya dubawa. In kuma kana so ka riga kowa buga takardarka, ka sa takunkumin lokaci, a ga take da sunanka da DOI amma fayilolin su zauna a kulle har ranar da ka sa.

Hattara: maɓallin Publish zarar bunu ne. Take da bayani ana gyarawa daga baya, amma kada ka sa ran goge abin da aka riga aka ba DOI, kuma ko an cire wani ya riga ya sauke. Ka fara gwaji a sandbox.zenodo.org, DOI ɗin can na wasa ne. In intanet ɗinka yana yankewa ka dunƙule ƙananan fayiloli a zip ɗaya, ka ɗora da dare.

Shi kuma GitHub ana haɗa shi da Zenodo ya sami tasa DOI ɗin: ma'ajiyar ta zama a buɗe, ka kunna ta a shafin Zenodo tukuna, sannan ka yi release, wato ka fitar da siga mai lamba a GitHub. In ka yi release kafin ka kunna ba abin da zai faru.

10. Sakin daftari kafin mujalla

Mujalla takan riƙe takarda wata shida ko shekara. Kafin nan za ka iya ɗora daftarin a rumbun da aka yi don haka, shi ne Turawa ke kira preprint: arXiv ga lissafi da fiziks da kwamfuta, bioRxiv ga ilimin halittu, medRxiv ga lafiya, ChemRxiv ga kemistiri, sai AfricArXiv da aka kafa a 2018 wanda yake karɓar aiki har da harsunan Afirka. Kyauta ne, suna ɗan dubawa na 'yan kwanaki amma ba bitar masana ba ce. A arXiv sabon shiga yana buƙatar wani tsohon hannu a fannin ya tsaya masa, ka nema da wuri. Gidauniyar Gates ma daga 2025 ta ce waɗanda take ba tallafi su riƙa sakin daftari.

Hattara uku: ka duba ko mujallar da kake hari ta yarda da haka, yawanci sun yarda, shafin Open Policy Finder wanda a da ake kira Sherpa Romeo zai gaya maka. Duk masu suna a takardar su amince a rubuce. Sannan in akwai ƙirƙirar da kuke so ku yi wa rajistar mallaka, ku fara shigar da ita, don abin da aka riga aka bayyana ga duniya ya daina zama sabo a idon doka. Daftarin da ya hau ba ya sauka, iyaka a manna masa alamar an janye.

11. Mujalla, inda kuɗi yake

Wasu mujallun buɗaɗɗu suna cajin marubuci, Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021, da yawa suna tsakanin dala dubu ɗaya zuwa uku, ka lissafa da naira ka ji. Amma ba dole ba ne. A DOAJ, shafin da ke jera buɗaɗɗun mujallu, akwai tacewar da ke fito da mujallun da ba sa karɓar ko sisi, kuma su ne suka fi yawa a jerin. AJOL ma yana da mujallun Afirka da yawa. In mai caji kake so, ka nemi yafiya lokacin da kake turawa, ba bayan an karɓa ba. Ko kuma ka buga a mujallar da ba buɗaɗɗiya ba, sannan ka ɗora sigarka da aka amince da ita a Zenodo ko rumbun jami'arku in ƙa'idarsu ta bari, amma ba PDF ɗinsu mai tambari ba.

Hattara da masu turo imel suna kiranka farfesa suna cewa za a buga cikin sati ɗaya. In sun ce suna cikin jerin mujallu na Scopus ko DOAJ ka je can da kanka ka nemo su da lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, kada ka yarda da tambarin da ke shafinsu. Shafin Think. Check. Submit. yana da jerin tambayoyin tantancewa.

A cikin takardar ka rubuta inda bayanai suke da DOI ɗinsu, ka kuma sa su a manazarta kamar kowace takarda. In ta fito, ka koma Zenodo ka ƙara DOI ɗin takardar a gurbin ayyuka masu alaƙa, ka ba Crossref da DataCite, masu rajistar DOI, izini su riƙa ƙara maka sababbin ayyuka a ORCID da kansu.

Wata rana wani zai rubuto ya ce rijiya ta 47 awonta ya yi yawa, ko ba kuskuren ɗigo ba ne. Ka koma ɗanyen bayanan nan da ba ka taɓa ba ka duba, in gaskiyarsa ne ka gyara a kwafi, ka rubuta abin da ya canza da kwanan wata a README, ka danna New version. Sabuwar sigar za ta sami tata DOI, tsohuwar tana nan, sannan akwai DOI ta uku da ke kai mutum ga sigar ƙarshe kullum. A takarda ka ambaci ta sigar da ka yi lissafi da ita, a CV ka sa ta ukun.